Shekara Sittin Ana Faci: Tarihin Kula da Manhajar VM ta Manyan Kwamfutoci

A watan Nuwamban 1961, a jami'ar MIT da ke garin Cambridge na jihar Massachusetts a Amurka, Fernando Corbató da abokan aikinsa suka gwada wani abu da ba a saba gani ba: 'yan mutane kaɗan zaune gaban na'urorin buga rubutu, kowa yana aiki da kwamfuta guda a lokaci ɗaya. Kafin nan, mai buƙatar kwamfuta sai ya huda katunansa, ya miƙa wa ma'aikacin ɗakin inji, ya koma ya jira. In ya yi kuskuren waƙafi ɗaya, wataƙila sai washegari zai sani. Injin wancan zamani ɗaki guda yake cikawa, kuɗinsa kuwa sai gwamnati ko banki ko babbar jami'a. Tsarin Corbató, mai suna CTSS, yana yanka lokacin injin gutsi-gutsi yana rabawa cikin sauri, har kowa ya ɗauka shi kaɗai ake yi wa hidima.

Ranar 7 ga Afrilun 1964 kamfanin IBM ya bayyana jerin injunansa na System/360, ya zuba dukiya mai yawa a kansu. Amma masanan MIT da suka duba sai suka ga babu abin da suke nema a ciki, wato kayan da ke juya adireshin ƙwaƙwalwar inji domin kowane mai aiki ya sami nasa fili ba tare da ya taka na wani ba. Suka juya baya suka ƙulla ciniki da General Electric, cibiyar binciken Bell ma ta bi sahunsu. Wannan ya yi wa IBM zafi ƙwarai, musamman ma'aikatan wata ƙaramar cibiya da ya buɗe a watan Fabrairun shekarar a ƙarƙashin Norman Rasmussen, a cikin ginin da masu binciken na MIT suke, lamba 545 Technology Square.

A wannan cibiya Robert Creasy, wanda ya taso daga ɓangaren MIT, tare da Les Comeau da wasu, suka ɗauki wata hanya dabam. Maimakon manhaja guda ƙatuwa mai ɗauke da nauyin kowa, sai suka raba aikin gida biyu. Ta farko, CP, aikinta kawai ta yi wa kowane mutum kwaikwayon cikakken inji, da ƙwaƙwalwarsa da faifansa da na'urar karanta katinsa. Ta biyu, CMS, ƙaramar manhaja ce ta mutum ɗaya, wadda ke zama a cikin wannan injin kwaikwayo. Aka yi wa wani injin 360 samfurin 40 ƙarin kaya na musamman, a watan Janairun 1967 kuma CP-40 ta fara aiki sosai, tana ɗaukar injunan kwaikwayo 14. Abin da ya fi muhimmanci ga labarinmu shi ne katangar da ke tsakani: in manhaja ta faɗi a cikin inji ɗaya, sauran ba su ma san an yi ba. Daga ranar nan masu gyara suka sami wurin gwaji wanda ba ya cutar da kowa.

1967 zuwa 1972: wanda ya karɓa shi ne makaniki

IBM bai yi nufin sayar da wannan abu ba. A watan Agustan 1965 ya sanar da samfurin 67 mai kayan juya adireshi, tare da manhajar da ya ɗora wa buri, TSS/360. Ita kuwa ta yi latti, ta yi nauyi, ta yi ta faɗuwa, har kamfanin ya janye hannu daga gare ta a 1971. Cibiyar Lincoln ta MIT, wadda ta riga ta karɓi injin 67 ta rasa abin ɗora masa, ita ce ta fara gwada CP-67, wato CP ɗin da aka yi wa injin 67, a watan Afrilun 1967. A watan Mayun 1968 aka saka CP da CMS a rumbun manhajojin da IBM ke bayarwa kyauta ba tare da alkawarin kulawa ba, aka haɗa da matanin gaba ɗaya, wato asalin rubutun da injiniyoyi suka yi da hannunsu.

Sakamakon wannan ya fi ƙarfin abin da kowa ya zata. Tunda babu wanda za a kai wa ƙara, duk cibiyar da ta karɓa dole ta zama makanikin kanta. Ma'aikacinta ya karanta matanin layi bayan layi, ya gano inda aibin yake, ya gyara, ya aika wa takwarorinsa. Sai dai nan da nan matsala ta ɓullo. In jami'a ta yi gyara hamsin a cikin matanin, sannan sabon fitowa ya iso daga Cambridge, ina gyare-gyarenta za su kwana?

Amsar da aka samo ita ce, a ganina, mafi kyawun abin da wannan zamani ya bari, kuma ɗan Sakkwato zai gane ta da wuri. Duk wanda ya taɓa buɗe tsofaffin littattafan hannu irin waɗanda ke Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ya san magabatan marubuta ba sa kankare matani. In an ga gyara ko ƙari, a gefe ake rubuta shi a hashiya, a sa alamar inda ya shafa, mai karatu ya haɗa biyun da idonsa. Haka aka yi da manhajar. Kowane layi na matanin yana da lamba a gurabe takwas na ƙarshen kati, daga na 73 zuwa na 80. Ba a taɓa matanin. Kowane faci ƙaramin fayil ne nasa na kansa, yana cewa a goge layi kaza, a musanya layi kaza da wannan, a saka wancan bayan layi kaza. Wani fayil kuma yana jera facin bi da bi, na kamfani a ƙasa, na gida a sama. Umarnin UPDATE ya ɗauki matanin ya bi jerin yana ɗorawa, ya fitar da kwafin wucin gadi, shi ake juyawa zuwa harshen inji. In faci ya zo da sharri, sai a cire sunansa daga jeri a sake gini, shi ke nan an koma yadda ake jiya. Mai gyara yana iya nuna wa wanda ya gaje shi abin da aka canza, da wanda ya canza, da dalili.

1972: kamfani ya karɓi ɗansa

Ranar 2 ga Agustan 1972 IBM ya sanar da VM/370, wato CP da CMS na sabbin injunansa na 370, a matsayin hajarsa ta hukuma. Abin da ya tabbata shi ne masu rubuta manyan manhajojin kamfanin na sabbin injunan 370 sun dogara da CP-67 da aka gyara ta yi kwaikwayon injin da ba a gama ƙerawa ba tukuna. Akwai kuma labarin da tsofaffin ma'aikata ke bayarwa, wai shugaban kamfanin na lokacin, Vincent Learson, ya kai ziyara wurin gwaji ya tarar da su kansu a kan VM suke aiki, ya ce abin da ya amfane su ai ya cancanci a sayar wa masu ciniki. Ana kuma cewa masu hasashen kasuwa na kamfanin sun ƙiyasta babban inji samfurin 168 guda ɗaya tak zai taɓa ɗaukar VM. Waɗannan biyun zancen baka ne da ke yawo a tsakanin mutanen harkar, amma suna nuna yadda suke jin matsayinsu a gidan: ɗan bora.

Da VM ta zama ta hukuma, gyara ya sami tsari da takardu. Mai ciniki ya gamu da matsala, ya kai rahoto da hujja, galibi kwafin duk abin da ke ƙwaƙwalwar inji a daidai lokacin da ya faɗi. In kamfani ya yarda aibin nasa ne, sai a buɗe masa lamba, ana kiran wannan APAR. Gyaran da ya fito daga nan shi ne PTF. Lokaci-lokaci a tara su a naɗin tef a aika wa kowa. Kuma saboda VM tana iya ɗaukar wata VM a cikinta a matsayin baƙuwa, ma'aikaci yana iya gina sabon tsarin, ya tayar da shi da rana tsaka a cikin injin kwaikwayo yayin da ɗaruruwan mutane ke aikinsu, ya gwada har ya gamsu, sannan ya jira dare ko ƙarshen mako ya ɗora shi kan injin gaske. Masu sauran manhajoji a zamanin sai sun kori kowa daga inji kafin su yi gwaji.

Duk da haka kamfanin bai daina neman rage ta ba. A 1976 aka rufe ofishin masu rubuta VM da ke Burlington, aka ce su koma Poughkeepsie a jihar New York, da yawansu suka ajiye aiki, wasu suka shiga kamfanin DEC. Abin da ya riƙe manhajar a wannan tsakani shi ne masu amfani da ita. Ƙungiyarsu ta SHARE, wadda aka kafa tun 1955, ta zama majalisar da ake matsa wa kamfani lamba, Jami'ar Waterloo ta Kanada kuma tana tara gyare-gyaren jama'a a tef tana rarrabawa. Da injunan 4300 masu sauƙin kuɗi suka fito a 1979, masu VM suka ninka.

Mu nan gida a daidai wannan lokaci

Manyan kwamfutoci ba baƙi ba ne a Najeriya. Tun 1963 IBM ya buɗe cibiyar koyarwa a Jami'ar Ibadan. A Zariya, cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello tana ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. A 1975 ɗin aka kafa Jami'ar Sakkwato, ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1977 a ƙarƙashin Farfesa Shehu Galadanci. A shekarar da ɗaliban suka shiga aji, gwamnatin Janar Obasanjo ta fitar da dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa karo na biyu, wadda ta buƙaci kamfanonin waje su sayar wa 'yan Najeriya kaso na hannun jarinsu. IBM ya ƙi, zuwa 1978 ya janye, kamar yadda ya yi a Indiya a wannan shekara bisa irin wannan dalili. Injunan da ya bari ba su tashi sun bi shi ba, kula da su ya koma wuyan 'yan ƙasa. Bayan 1986, da darajar naira ta faɗi a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, duk abin da ake biya da dala ya yi wa jami'o'i nauyi, ƙananan kwamfutoci kuma suna shigowa da araha. Jami'ar Sakkwato, wadda aka sauya wa suna zuwa Usmanu Danfodiyo a 1988, ta girma ne a zamanin ƙananan injunan.

Na kawo wannan ne domin mai karatu ya auna abin da ke tafe da ma'aunin wanda ke nesa da masana'anta. Sayen inji ciniki ne na rana ɗaya. Abin da ke biyo baya, tef ɗin gyara da kayan canji da mutumin da ya san ciki, shi ne ke nuna ko injin zai shekara ashirin ko zai zama tarkace a bayan ofis.

1983: an rufe matani

Ranar 8 ga Fabrairun 1983 IBM ya sanar da cewa daga yanzu zai riƙa ba da manhajojinsa a harshen inji kawai, ba tare da matani ba. Dalilansa ba ɓoyayyu ba ne. Kamfanoni irin su Amdahl da Fujitsu da Hitachi suna ƙera injuna masu ɗaukar manhajarsa, yana tsoron a kwashe masa sirri. Yana kuma kukan cewa cibiyar da ta cika manhaja da gyaran gida ba ta iya karɓar sabon fitowa da wuri, kuma in ta kai ƙara ba a san aibin na wa ba ne. Kukan nan na biyu yana da gaskiya a ciki. Amma masu VM sun ji abin kamar an kore su daga gidan da suka taya ginawa, suka shafe shekaru suna jayayya a tarukan SHARE. Ba su yi nasara duka ba, ba su kuma faɗi duka ba: sabbin sassa da yawa sun zo a rufe, amma babban ɓangare na CP da CMS ya ci gaba da zuwa da mataninsa.

Ni dai ina ganin asarar ta fi ribar. Ma'aikacin da ke iya karanta matani yana gyara matsalarsa da daddare ya aika wa kamfani maganin da safe. Wanda aka rufe wa, abin da ya rage masa shi ne buga waya da jira. In jiran ya yi wa mutumin New York ciwo, yaya wanda ke Legas ko Zariya?

Ƙarshen shekarun 1980: littafin lissafin faci

Rufe matani ya zo tare da wata wahala. Manhajar ta yi girma, ta rabu reshe-reshe, VM/SP da ta fito a 1980 a gefe, jerin VM/XA na manyan injuna a gefe, har aka haɗe su a VM/ESA a 1990. Faci ya kai dubbai, kuma ba a ɗora su yadda aka ga dama. Wani sai an fara sa wani kafin shi, wani sai tare da ɗan'uwansa, wani ya shafe na baya, wani kuma bayan ya fita a gano shi kansa yana da aibi a yi masa alamar kada a taɓa. Ɗan Adam ba ya iya riƙe wannan a ka. Sai aka ƙirƙiro manhajar da aikinta kawai riƙe lissafi, VMSES, wadda ta zama VMSES/E a farkon shekarun 1990, ita ce kuma ake aiki da ita har yau.

Aikinta mataki-mataki ne. Da farko a karɓi facin a ajiye shi a faifan jira, a rubuta shi a rajista. Sannan a duba sharuɗɗansa, in wani abin da ya dogara da shi bai iso ba a tsaya. Sannan a sake gina duk sassan da ya shafa, a faifan gwaji, ba a wanda jama'a ke aiki da shi ba. In cibiyar tana da nata gyaran gida a wani sashe da facin ya taɓa, manhajar za ta ɗaga tuta ta ce a zo a sake dubawa. Sai an gama gwaji ake kwafewa zuwa faifan aiki, kuma ana ajiye tsohon kwafin zuciyar tsarin domin a koma masa in sabon ya ƙi tashi. Daga baya aka dunƙule matakan cikin umarni biyu, SERVICE da PUT2PROD. Gyara kuma iri biyu ne: na rigakafi, wato tarin facin da kamfani ya gwada tare ya ba da shawarar a sa, mai suna RSU, da na magani, wanda ake nema in ciwo ya riga ya kama. Gogaggun ma'aikata ba sa rige-rigen sa faci ranar da ya fito, ba sa kuma bari ya tsufa, musamman wanda aka yi wa alamar cewa aibinsa na iya jawo asarar bayanai ko tsayawar inji.

1991 zuwa 2011: baƙi sun cika gida

A 1991 wani marubucin mujallar InfoWorld, Stewart Alsop, ya yi hasashen cewa ranar 15 ga Maris 1996 za a zare wayar babbar kwamfuta ta ƙarshe. Hasashen bai tabbata ba, amma VM ta yi rauni a waɗannan shekaru, ofisoshi suna komawa ƙananan injuna. Gabanin shekarar 2000 ta yi amfani wajen gwajin matsalar kwanan wata, tunda ana iya tura agogon injin kwaikwayo gaba a ga abin da zai faru ba tare da an taɓa na gaske ba. Abin da ya farfaɗo da ita kuwa daga waje ya zo. A watan Disamban 1999 IBM ya fitar da gyare-gyaren da suka sa Linux, manhajar da mataninta ke buɗe ga kowa, ta hau manyan injunansa. A 2001 aka fara rarraba z/VM, babban aikinta ya zama ɗaukar ɗaruruwan injunan Linux a kan inji guda. A daidai lokacin VMware, wanda aka kafa a 1998, da Xen a 2003, da KVM a 2007, suka kai wannan dabara kan ƙananan injuna, ita ce kuma ginshiƙin cibiyoyin ajiyar bayanai na yau, har da na Legas da Abuja.

Nasarar ta ƙara wa mai faci nauyi. Gyaran zuciyar tsarin yana buƙatar a kashe a sake tayarwa, kuma in baƙi ɗari biyar ke kai, duka za su tsaya tare. Bankin da ke aiki dare da rana ba shi da daren da zai bayar. Maganin ya zo a watan Disamban 2011 tare da z/VM 6.2: ana haɗa tsari har huɗu su zama ƙungiya ɗaya, a ɗauki injin Linux yana cikin aiki a mayar da shi kan wani ɗan ƙungiyar, a yi wa wanda aka kwashe faci a tayar da shi, a dawo da baƙin, a wuce na gaba.

2018 zuwa yau

Daga z/VM 7.1 a watan Satumban 2018, sabon fitowa na zuwa duk bayan shekara biyu, sabbin ayyuka kuma suna shigowa a tsakani ta hanyar faci maimakon a jira. Na 7.3 a 2022 ya kai ƙungiyar zuwa tsari takwas. Na 7.4 a 2024 ya sauya wata al'ada mai shekaru da yawa: an mayar da gyaran kowane sashe layi ɗaya miƙaƙƙe, sabon faci yana tafe da duk na gabansa. A da, cibiya tana iya zaɓar wannan ta bar wancan, abin da ya sa da wuya a sami injuna biyu a duniya masu haɗin faci iri ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa gwada kowane haɗi. Yanzu abin da mai ciniki ya ɗora shi ne abin da kamfani ya gwada. An sami tabbaci, an kuma ƙara rage zaɓin da ke hannun ma'aikacin gida, wanda tun 1983 yake raguwa.

Tsohon tsarin kuwa bai ɓace ba. VM/370 fitowa ta 6, ta 1979, ba ta da takunkumin mallaka, kuma tun 1999 akwai manhajar Hercules da Roger Bowler ya fara rubutawa, wadda ke sa ƙaramar kwamfuta ta yi kwaikwayon babban injin IBM. Masu sha'awa a ƙasashe dabam-dabam suna ci gaba da yi mata faci da irin fayilolin nan masu lambar layi. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi yana iya sauke su biyun kyauta, ya shiga da sunan MAINT, asusun mai kula da tsari, ya buɗe matanin CP, ya rubuta facinsa, ya sa sunansa a jeri, ya sake gini, ya tayar da tsarin ya ga ko zai tashi.